Kwalbar Isak Fortuin

A gonar inabi aka haifi Isak Fortuin, a kwarin Robertson, cikin jerin ɗakunan leburori da ke bayan dam. Ubansa ma a nan aka haife shi, a nan kuma hanta ta kashe shi. A zamaninsu rabin ladan lebura giya ce. In an tashi daga aiki sai a ja layi, kowa da gwangwaninsa, wakilin mai gona ya tsiyaya masa dop, wato tsamammiyar giyar nan da ko kyauta kasuwa ba ta karɓa. Isak ya fara miƙa gwangwani tun gemu bai fito masa ba. Daga baya an hana abin, amma ina amfanin baɗi ba rai? Ƙishirwar ta riga ta zauna a jinin mutane.

Hannu gare shi a kan kurangar inabi, wannan ko maƙiyinsa ya sani. Sai dai aikinsa a bakin ƙofa yake ƙarewa. Ɗakin ƙarƙashin ƙasa inda ake ajiye kwalabe, ƙafarsa ba ta taɓa taka matakalarsa ba, ba wanda kuma ya taɓa ce masa ya leƙo.

Ranar da matarsa Mieta ta haifi 'yarsu Lizelle, yana kwance a magudanar ruwa bai san inda kansa yake ba. Maƙwabta ne suka kai ta asibiti. Da ya farfaɗo aka miƙa masa jaririyar, hannunsa na rawa har Mieta ta ƙwace ta. Kunyar wannan rana ce ta raba shi da giya.

Ya sha ji a bakin masu aikin gidan maigida cewa Turawa in sun haihu sukan sayi giyar shekarar su ajiye, sai ɗan ya cika ashirin da ɗaya, ranar da ake ba shi makullin girma, a buɗe. Isak ya ce shi ma uba ne. Da aka gama girbi ya shiga gari da ladansa, ya sayo jar giya kwalba ɗaya, irin ta manya, ya rantse ba giyar da za ta sake ratsa maƙogwaronsa sai ita, ita ma sai ranar Lizelle.

Ya yi wa kwalbar abin da mutanenmu ke yi wa duk abu mai daraja. Ya tsayar da ita a kabad ɗin gilashi, tsakanin kofunan biki da hoton aurensu, daidai inda rana ke faɗowa ta taga, don duk wanda ya shigo ya gani. Rufin kwano ne, da rani ɗakin kamar tanda. Ita irin wannan giya kwantar da ita ake yi a wuri mai sanyi da duhu, don murfinta na ɓawon itace ya zauna a jiƙe. Wa zai gaya masa? Waɗanda suka sani ba su shiga ɗakunan bayan dam.

Maƙwabcinsa Doempie, tsohon abokin layinsa, ya mai da ita abin tsokana.

"Kawu Isak, ina kwana. Ya amarya? Har yanzu tana tsaye ba a ba ta wurin zama ba?"

"Tana nan, ta fi ƙarfin bakinka."

"Haba, ɗan kurɓi ɗaya mana, mu ji abin da iyayengijinmu ke sha kafin mu mutu."

"Kai dai mutu abinka, Doempie. Ni ina da rana."

Ya kuwa riƙe. Mieta ta rasu, bai sha ba. An sayar da gonar, sabon mai ita ya rage ma'aikata, bai sha ba. In abin ya taso masa sai ya buɗe kabad, ya goge kwalbar da gefen rigarsa, ya mayar.

Lizelle ta girma, ta sami aiki a wata gona inda take zuba wa baƙi giya su ɗanɗana. A makonta na farko ta gane ba haka ake ajiye giya ba. Ta dawo gida ta dubi kwalbar, ta ga ruwan ya ja baya daga wuya, takardar jikinta ta koɗe. Ta buɗe baki, sai ta ga uban yana murmushi, ta fasa. Ta so ta musanya ta a ɓoye, amma ya san kowane tabo a jikinta.

Ranar bikin cikarta shekara ashirin da ɗaya an gasa kifi da nama a tsakar gida, fasto ya yi addu'a, aka miƙa wa Lizelle ƙaton makulli mai ƙyalli. Isak ya fito da kwat ɗin cocinsa, kwalba a rungume.

"Baba, mu bar ta haka mana," in ji Lizelle. "Ta fi kyau a rufe."

"Kin taɓa ganin an yi shuka an ƙi girbi? Kawo kofi, 'yar nan."

Murfin ya marmashe a hannunsa. Abin da ya zubo ba ja ba ne, ruwan ƙasa ne. Lizelle ta riga kowa kurɓa, ta haɗiye da ƙyar, ta ce, "Da daɗi, Baba."

Isak ya kai kofi baki. Wannan tsamin ya san shi, tun yana yaro ya san shi.

"Doempie," ya ce a hankali, "ashe dop ce. Abin da suke ɓoyewa a ƙarƙashin ƙasa ke nan. Duk ɗaya ne."

Lizelle ta san ba ɗaya ba ne. In ta faɗa masa, ta ce shi ya kashe giyar da hannunsa ke nan, a kabad, da gata. Ta tsaya da makullinta tana hawaye, mutane na tsammanin na murna ne.

Doempie ya miƙo kofinsa. Isak ya cika masa, ya sake cika nasa, hannunsa bai yi rawa ko kaɗan ba. Da kwalbar ta ƙare Isak ya tambaya ko kantin giya na bakin hanya bai rufe ba tukuna.