Mai Baƙin Keke a Hanyar Dam ɗin Samaru

Jama'a, wannan labari ba a bakin wani na ji shi ba, da ni ya faru, kuma Allah shi ne shaidata ban ƙara masa gishiri ba. Shekarun baya ne, lokacin ina da ɗan shagon kwafi da buga wa ɗalibai takardu a Samaru, ina zaune a Dogarawa. Zaman kujera daga safe har yamma ya sa na ajiye tumbi, hawan jini ya fara leƙo ni, likita ya ce ko dai in motsa jiki ko in ƙulla abota da magani. Wanda ya ja ni cikin 'yan tuƙa keke shi ne Baba Ishaya, tsohon malamin makaranta, mutumin kudancin Kaduna da ya tsufa a Sabon Gari, yakan kawo mini takardun cocinsu in buga masa. Shi ciwon suga ne ya ɗora shi kan keke. Ranar da ya fara ganina cikin hular kwano da matsattsen wando sai da ya yi dariya har da hawaye, wai na yi kama da buhun masara da aka ɗaure a tsakiya.

Duk Asabar da safe muke haɗuwa a wajen da ake kira PZ, mu bi titi har Samaru, mu sauka wata hanyar ƙasa mai inuwar dalbejiya da mangwaro wadda ta zagaya dam, mu ɓullo ta wajen Shika mu sha shayi. Dokarmu ɗaya ce: akwai ɗan baya. Ɗan baya shi ne na ƙarshe a layi, ba ya wuce kowa ko da mutum rarrafe yake yi, in tayar wani ta yi faci shi zai tsaya da shi, kuma duk wanda zai ɓalle daga tafiya dole shi zai gaya wa. Da yake na fi kowa nauyin jiki sai aka liƙa mini aikin, a cikin wasa. Ni kuwa ban ɗauke shi wasa ba, don mutum ne ni mai taurin kai, in na riƙe abu sai dai a gaji a bar mini.

Ranar da abin ya faru ƙarshen damina ne, dawa ta fi mutum tsawo, an yi ruwa jiya da yamma, ƙasa ta yi laushi. Rana ta fito sarai, kada wani ya ce duhu ne ya ruɗe ni. Muna shiga hanyar dam kacar kekena ta zame, na tsaya na mayar, kafin in ɗago jama'a sun sha kwana. Na hau ina taka feda a hankali, dawa dama da hagu, ruwan dam yana ƙyalli ta tsakanin itatuwa, sai na ji ƙararrawar keke a bayana, ƙirin-ƙirin, irin ta tsofaffin kekunan nan na da.

Na raɓe gefe in ba da hanya, ba wanda ya wuce. Na waiga, hanya fetal. Na ɗan ci gaba, sai ga ta kuma, amma wannan karon ta ɗan yi nisa, kamar mai kira yana ja da baya. A aikina kuwa, in akwai mutum a bayana ba ni da izinin tafiya. Na sauke ƙafa na kira shugaban tafiyarmu, wanda muke ce wa Injiniya, na tambaye shi ko mun cika. Ya ce kowa na nan, sai Baba Ishaya kawai da ya ce gwiwarsa na damunsa, ya bi yanke ta cikin gonaki, zai jira mu wajen mai shayi.

Raina ya ɓaci nan take. Na ce to me ya sa ba ni aka gaya wa ba, ba haka doka ta ce ba? Injiniya ya yi dariya ya ce in bar yawan ƙa'ida, Baba ya san hanyar nan tun ba a haife ni ba, in taho kawai. Na kashe na kira wayar Baba, tana ta ringi ba a ɗauka. Ni kuwa na san halinsa: yakan sha maganin sugansa ya fito ba tare da ya karya ba, wai sai ya yi gumi abinci ke masa daɗi. Mai irin wannan ciwo in ya zube a cikin dawa, kafin a gano shi sai dai wani labarin.

Injiniya ya sake kira. Na ce masa, "Ku je ku sha shayinku. Ni ba zan fito daga hanyar nan ba sai na ga Baba da idona."

Na juya keke na koma baya. Ban yi nisa ba sai na hango shi, mai ƙararrawar. Wani mutum ne a kan baƙin keke irin na da, mai dogon hannu, sanye da riga 'yar shara da ta koɗe, fartanya rataye a kafaɗa, yana tafiya a gabana a natse. Na ɗaga murya na yi masa sallama, bai amsa ba. Na ce, "Malam, sannu da aiki, ko ka ga wani dattijo mai jar hula a kan keke?" Ko waigowa bai yi ba. Na ƙara giya na danna feda da niyyar in cim masa, to a nan ne tsigar jikina ta fara tashi, domin kekena na tsere ne, shi kuwa da ƙyar ƙafarsa ke juyawa, amma tazarar da ke tsakaninmu ta ƙi raguwa. Wallahi na ji tsoro, ba zan ɓoye muku ba. Zuciya ɗaya ta ce in koma, ɗayar ta ce in ka koma me za ka gaya wa matar Baba? Na cije na bi shi.

Ya karya hagu ya shiga wata siririyar hanya da ban taɓa lura da ita ba, na karya na bi. Hanyar ta miƙe ɗoɗar a gabana, busasshiya, mai faɗi, har da itatuwa a gefe, shi kuma yana can yana tafiya a kanta. Ina cikin gudu sai na ga keke kwance ya gitta hanya, na matse birki har na kusa tuntsurawa. Keken Baba Ishaya ne, ga Baban kansa kwance cikin ciyawa, ya jiƙe sharkaf da gumi, jiki na rawa, ido a juye.

Na durƙusa na tallafo kansa, na ɗago ido don in kira mutumin nan ya taimake ni. Jama'a, babu hanya. Ruwa ne shimfiɗe, taku kaɗan daga inda na tsaya, ko motsi ba ya yi. Babu mutum, babu keke. Na dubi taɓon da muka biyo, sawun siraran tayoyi biyu ne kawai, nawa da na Baba.

Ban tsaya wani tunani ba, don numfashin Baba ya fi komai damuna. Ina kiran sunansa har ya ɗan farfaɗo yana iya haɗiya, na ciro dabino daga aljihuna na dagargaza masa shi da yatsa ina sa masa a baki kaɗan-kaɗan. Da idonsa ya daidaita na goya shi, na bar kekunan nan biyu a wurin, na ratsa dawa da shi har babbar hanya, ƙafata na lumewa a taɓo, ina haki ina salati. Wani mai babur da ya ɗauko rake ya sauke kayansa ya kai mu asibiti a Shika. Likitan ya ce da an ƙara jinkiri da ba wannan maganar ake ba.

Washegari na je duba shi bayan mutanen cocinsu sun watse. Na fara yi masa faɗan rashin karyawa, da faɗan ɓallewa bai gaya mini ba. Sannan na tambaye shi me ya kai shi bakin ruwa, alhali yanken da ya ce zai bi yana can wani ɓangaren.

Ya ce, "Ɗana, wani mai baƙin keke na bi. Ya kaɗa mini ƙararrawa ya wuce, na ɗauka ɗan gari ne ya san hanya mafi sauƙi. Ni titi nake gani a gabana. Da jiri bai kayar da ni ba, da ban tsaya ba."

Ban gaya masa ni ma na ga mutumin ba sai a lokacin. Ya riƙe hannuna, na ji nasa ya yi sanyi.

Da na tambayi manoman da suka ɗauko mana kekunan, sun ce eh, kafin a tare ruwan nan hanyar takan zarce ne zuwa wasu gidaje da yanzu suke ƙarƙashin dam, daga nan kuma ba wanda ya yarda ya ƙara ko kalma. Har yau ban sani ba, mutumin nan ya dawo ne ya kai ni in ceci Baba, ko kuwa Baba ne ya kuɓuce masa bai faɗa ruwa ba, ya zo neman na biyu, wato ni.

Ban daina zagaya dam ba, kuma har yanzu ni ne ɗan baya. Shawarata gare ku masu hawa keke a wajen nan: ku karya kafin ku fito, kada ku tafi ku bar ɗan'uwanku a baya, kuma duk wanda kuka yi wa sallama a hanyar ruwa bai amsa ba, kome kyan hanyar da ya bi, ku sauke ƙafa ku taɓa ƙasa tukuna.