Abin da Na Koya wa 'Yar Fari

A shekarun da wayar salula ta fara shigowa Minna, ina koyar da 'yan nazare a wata ƙaramar makaranta a Tudun Wada. Randa ɗaya ce a ajin, moɗa ɗaya. Ranar da ruwan dam ɗin Tagwai bai zo famfo ba, a kan moɗar nan ake dambe.

Na je wata bita ta kwana uku a Bosso, na dawo ina jin kamar a kaina aka fara tarbiyya. Na ajiye bulala, na shimfiɗa tabarma a kusurwar aji. Duk yaran da suka yi faɗa sai su zauna a kai, kowa ya faɗi abin da ya ji a ransa, sannan su tambayi juna, "To me za mu yi?" Mai makarantar, wata dattijuwa 'yar Bida, ta leƙo ta ce, "Malama, wannan yara bulala ne yake ji fa." Na yi mata irin murmushin da ake yi wa wanda bai je bita ba.

Akwai wata yarinya 'yar shekara biyar, mai cizo. Ba ta kuka, ba ta kai ƙara, in an ƙwace mata moɗa haƙori kawai take kafawa. Wata uku na yi ina fama da ita, har ni ma na sha cizon a hannu. Ranar da ta buɗe baki ta ce wa wani yaro, "Raina ya ɓaci, ka karɓe mini," sai da na juya baya na share hawaye. Na ce mata ko'ina aka ɓata mata rai, ta faɗa da baki. Ko'ina na ce.

Na san 'yar fari ce. Na kuma san a gidaje irin nasu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta jansa a jiki a gaban mutane, saboda kunya. Ni kaina 'yar fari ce, da "ke" na girma. Amma ban taɓa taka ƙafa na je gidansu ba, ina ta ɗokin abin da na iya.

Wata Litinin uwar ta rako ta da kanta, ta ja ni gefe. Ashe ranar Asabar aka yi sunan ƙanen yarinyar. Gida cike da mata, uwar tana rungume da jariri, surukarta na zaune kusa, sai yarinyar ta zo ta tsaya a gabanta ta ce, "Umma, raina ya ɓaci, ba kya kiran sunana. To me za mu yi?" Mata suka kwashe da dariya, wata ta ce ashe ana son 'yar fari a ɓoye.

"Malama, Allah ya sani ina sonta," in ji uwar. "Amma a gaban uwar mijina? Na mare ta. Ban taɓa dukanta ba sai ranar."

Haushinta nake so in ji, sai na ji na kaina ya fi yawa.

Daga ranar yarinyar ba ta ƙara cizon kowa ba. Mai makarantar har yaba mini ta yi, wai yarinya ta yi hankali. Ni kuwa na lallaɓa yarinyar, na yi wasa, na yi waƙa, ko kallona ba ta yi. Na roƙi uwar in zo gida mu zauna, ta ce in rufa mata asiri.

Ana saura kwana biyu hutu wani yaro ya ture yarinyar a bakin ƙofa, gwiwarta ta fashe, jini har cikin safa. Na durƙusa a gabanta na ce, "Faɗa mini, me kike ji?"

Ta sunkuyar da kai kamar babbar mace, ta ce, "Ba komai, Malama."