Jaririn Saratu da ƙwayoyin gona

Cikin duk haihuwar da na karɓa, ban taɓa mantawa da ranar da aka kawo mana Saratu a kan amalanke ba. Ƙarshen shekarun saba'in ne, lokacin cirar auduga, ina ƙaramar ungozoma a wani ɗakin shan magani na mishan a ƙauyen Malumfashi. Shugabarmu Sista Rahila ce, babbar nas, ita ke yanke shawara in likita ba ya nan, shi kuwa sai ranar kasuwa yake zuwa.

Haihuwar ta zo da sauƙi, namiji, ɗan ƙarami. Bayan kwana biyu yaron ya canja. Hannuwansa na karkarwa, kukansa siriri mai tsinin gaske, ya ƙi kama nono, ko cokali ya faɗi sai ya zabura. Na ɗauka ciwon cibiya ne, amma Sista ta duba ta ce babu zazzaɓi, muƙamuƙinsa kuma bai sandare ba.

Sai ta tuɓe takalmi, ta zauna a tabarma kusa da Saratu, ta fara da hirar gona. A nan muka ji cewa mijinta ya kwanta ciwon ƙafa tun farkon damina, ita ta riƙe noman da cikinta. Can Saratu ta kwance bakin zane ta fito da ƙwayoyi iri biyu, fara ta ƙarfi da safe, rawaya ta barci da yamma. Wani mai tallan magani a keke ya ce mata na ƙarin jini ne.

Da likita ya zo ya yi mana bayani cewa abin da mai ciki ta haɗiya yana bi ta mabiyiya ya kai ga ɗa, a daidai lokacin da ƙwaƙwalwarsa ke haɗuwa. Jikin yaron ya saba da maganin, da aka yanke cibiya ya rasa shi, shi ne wannan karkarwa. Ya ce za ta wuce, amma tafiya da magana da karatu na iya zuwa a makare, kuma ba wanda zai iya faɗin iyakar abin tun yanzu.

Saratu ta ce, "Sista, ke nan ni na ɓata masa kai?"

Sista ta kama hannunta ta ce, "'Yata, abinci kika nema masa. Abin da ya rage, tare za mu yi."

Muka mai da su ɗakin baya inda babu hayaniya, muka rufe taga da zane. Muna naɗe shi sosai, uwar ta tatsi nono mu ba shi da cokali kaɗan-kaɗan, in ta gaji ni in rungume shi a ƙirji. Sannu a hankali karkarwar ta lafa. Aka sa masa suna Iliya.

Saratu ba ta taɓa fashin kawo shi awo ba. Iliya ya daɗe bai yi tafiya ba, magana ma sai da sa'o'insa suka yi masa nisa, a makaranta kuma zama wuri ɗaya ya gagare shi. Amma shanun huɗa sun san muryarsa, ya zama ana biɗarsa aiki a gonaki har garin Tsiga. Uwar kuwa da kanta take tashi ranar awon ciki ta ba masu ciki labarinta, ba ta ɓoye komai, kuma sun fi jin nata a kan nawa.

Gab da zan yi ritaya, Iliya ya kawo matarsa awo. Ya tsaya a ƙofa yana murza hula, ya ce da maganarsa mai nauyi, "Mama, ba ta shan komai sai wanda kika ba ta."

Ku da kuke fara aikin nan, mace ba ta kwance bakin zaninta ga wanda ke tsaye a kanta yana faɗa. Ku zauna ƙasa, ku tambaye ta labarin gona tukuna.