Gishirin da na ƙara wa labarin maƙwabcina

Edita, a wancan lokacin da za a tara masu baki na Alƙahira kaf, daga Ard al-Liwa har Madinat Nasr, ni za a ɗora a kan kujera sauran su zauna a ƙasa. Karatu ya kawo ni Masar, karatun ya gaji da ni ya sallame ni, na koma yi wa marasa lafiyan da ke zuwa daga gida tafinta a asibitoci. Mutum ya ce kansa ke ɗan sara masa, kafin in gama fassarawa likita ya miƙe tsaye. Da yamma kuma ina gidan shayin layinmu, inda talabijin ke nuno 'yan siyasar Turai suna ta musu a kan masu ƙetara Bahar Rum a kwale-kwale. Wasu su ce a mayar da su, maƙaryata ne masu neman aiki, wasu su ce mutane ne da suka gudo daga wuta. Ni nake ba su amsa daga kujerata, har mai shayi ya ce wata rana talabijin ɗin zai ba ni haƙuri. Alhali jirgin da ke yawo da 'yan buɗe ido a Kogin Nilu ma sau ɗaya na shiga, na fito ina salati.

Maƙwabcina tela ne, Bahaushen Sudan, yaƙi ya koro shi da matarsa da 'ya'yansa biyu. Mutum ne mai ƙarancin magana. Da ya yanke shawarar bin ruwa, da niyyar in ya samu mafaka ya ɗauko iyalinsa, sai ya zo wurina. Ya ce Malam, an ce can sai an zaunar da mutum an tambaye shi abin da ya koro shi, shi kuwa bai iya zance ba. Na ce ɗan uwa, faɗa mini in ji. Ya ce masu bindiga sun shigo unguwarsu, sun kwashe kekunan ɗinkinsa, sun harbe ƙanensa a ƙofar gida saboda ya hana su babur. Hanyar maƙabarta ba ta biyuwa, a tsakar gida suka binne shi, kusa da randa. Nan ya tsaya. Labarin ke nan.

Maimakon in hana shi bin ruwa, ko in yi shiru, sai na gyara zama. Na ce wannan labarin ba mai ba gishiri, Bature ya ji irinsa har ya ƙoshi. Na gina masa kurkuku a ƙarƙashin ƙasa. Na fitar da shi daga ciki a buhun gawayi. Tabon da salansar babur ta yi masa a ƙwauri tun yana saurayi, na mayar da shi na harsashi. Ya ce Malam, ai wannan bai faru ba. Na ce ba a ce ya faru ba, an ce ya shiga kunne. Muka yi ta bita a shagon da yake ɗinki, ina zama Baturen, har da tura tabarau kan hanci, yana dariya. Ban taɓa ganin dariyarsa ba sai a lokacin, shi ya sa na ɗauka alheri nake yi.

Allah ya tsallakar da shi, bayan ruwa ya ci wasu daga cikin waɗanda suka tashi tare. Na cika gidan shayi da cewa ɗalibina ya isa. Abin da ban sani ba, masu tambayar can ba irin masu saurarona ba ne. Tambaya ɗaya za su yi maka yau, su sake yin ta bayan wata biyu ta wata fuskar. Buhun gawayi ya koma na albasa. Likita ya dubi tabon ya ce ƙuna ce. Aka hana shi mafaka, aka ce ba a yarda da maganarsa ba. A waya ya gaya mini, muryarsa ƙasa-ƙasa, ba faɗa ba zagi. Ya ce Malam, har ƙanen nawa sun ce ba su gaskata ba.

Tun ranar, in ɗan siyasa ya fito a talabijin yana cewa masu kwale-kwale maƙaryata ne, kofina nake kallo. Da hannuna na miƙa masa hujja. Yanzu telan ya ɗaukaka ƙara, lauyarsa ta ce masa ya faɗi gaskiya tsirararta, har da wanda ya koya masa sauran. Ba mu san yadda za ta kaya ba. Yaransa kullum suna tambaya yaushe za su hau jirgin sama. Jan hankalina ga masu baki irina, ku ƙara gishiri a labarin kifin da kuka kama ko surukin da kuka kayar a musu, amma wanda ya binne ɗan uwansa a tsakar gida, ku bar masa labarinsa yadda ya ɗauko shi. Masu shirin bin ruwa kuma, ku yi nesa da malamin da bai taɓa jiƙa ƙafarsa ba.

Daga baya na sayi mangwaro na hau bene wurin matar telan, na tsaya a bakin ƙofa na soma bayani mai tsawo a kan kyakkyawar niyyata. Ta bar ni na kai aya, ta miƙo mini shayi. Ta ce ma'alish, ba komai Malam, ita dai ba ta san abin da suka gani a yaƙin bai kai labari ba sai da na faɗa. Na ce ta faɗi duk abin da zan yi in taimaka, ko mene ne. Ta ce akwai guda ɗaya, amma ba ta jin zan iya: in yi shiru.