Doguwar Hanyar da Maigidana Yake Bi da Ni

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan Afrilu, da hantsi, Allah ya karɓi ran jikana direban tasi, wanda nake kira Maigidana, bayan zazzaɓin da muka ɗauka na wucewa ne.

Maigidana, ka yi mini rashin kunya. Ni ce a kan layi, ka tsallake ni.

Kowa ya san rigimarmu ɗaya ce, esin motarka mai hura sanyi. Likita ya ce zafi ne yake toshe mini numfashi, kai kuma ka ɗauki nauyin kai ni asibiti. Amma kana kunna esi nake kai hannu in kashe. Na ji da kunnena kana gaya wa matarka yadda abin nan yake zuƙe mai idan aka shiga cunkoso, kuma na san man da ke tankin nan shi ne abincin 'ya'yanka. Na ce, "Ba da ni za a dafa mai a sha iska ba. Sauke gilas, ta Allah kyauta ce." Haka muke tafiya ina haki, kana satar kallona.

Ran nan sai ka zo da sabon karatu. Ka ce, "Tsohuwa, a cikin gari kin fi ni gaskiya. Amma a babban titi, in ana gudu gilas a buɗe, iska riƙe mota take yi, man ya tafi a banza. Can esi ya fi sauƙi." Na ce kai da ƙarya kamar gwauro da wanki. Ka rantse. Muka yi sulhu: lungu nawa, babban titi naka. Daga nan kullum ta babban titi muke bi, wai an toshe ta cikin gari. In jingina, sanyi yana ratsa ni, in yi barci har da minshari, kai kuma ka isa gida ka kwaikwaye ni gaban yara.

Jiya ƙaninka ya kai ni asibitin. Ban gama gyara mayafi ba muka isa. Na ce, "Yaushe aka buɗe hanyar nan?" Ya ce, "Kaka, ai ba a taɓa rufe ta ba."

Ashe zagaye kake yi da ni, ɗan nema. Kana ƙona ninkin man da nake tattala maka, don kawai in shaƙi numfashi ban ji nauyinka ba. Da za mu dawo, ƙaninka ya kai hannu zai sauke gilas. Na ce ya bari, ya kunna esi. Hawayena suka bushe a wannan sanyin.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka, har da wannan ƙaryar. Yadda ka sanyaya mini, Allah ya sanyaya makwancinka. Ya ba mahaifiyarka da matarka haƙuri, ya raya 'yan matanka biyu. In tawa ta zo, ya sa in cika da imani, kuma ta gajeriyar hanya.