Farar Tayar Halliru Ba-Zama

Duk wanda ya san tashar Illela ya san Halliru Ba-Zama. Mutum ne da ko a sahun sallah sai ka ga babban yatsan ƙafarsa ta dama yana motsi. Gidan malamai ya fito, mahaifinsa ya so ya gaje shi, aka zaunar da shi bisa buzu gaban ɗalibai. Ina! Kafin shekara ta zagayo ya ɗare bayan wata motar shanu, sai labarinsa aka ji daga Legas. Ya yi karen mota, ya zama direba, ya sha hanyar Ƙonni da Tawa da Agadas har ya san kowane rami da sunansa. Matarsa Lubabatu takan ce ita ƙarar inji ta aura, ta ji ta tana zuwa, ta ji ta tana tafiya.

Da girma ya zo ya bar manyan motoci, aka ce to, yanzu Malam Halliru zai zauna. Zama? Sai ya sayi wata tsohuwar bas, ya cire kujerunta kaf, ya shimfiɗa katifa, ya kafa risho da 'yar randa, ya rataya buta da dardumar sallah, ya ɗora sola a sama. Lubabatu ta ɗinka masa labule tana mita. A ƙofar gida bas ɗin take tsayawa, a cikinta yake ƙailula, don ya ce ɗaki ya cika shiru.

Ba shi kaɗai ke da wannan ciwo ba. Akwai tsofaffin direbobi irinsa daga Illela da Gwadabawa da Ƙonni, kowa da motarsa da ya mayar ɗaki, suka haɗa ƙungiya, Alhaji Attahiru ne ciyaman. Duk damina, idan gero ya kai ƙugu, sai su taru a wani faƙo can bayan Gidan Katta, bakin tafki. Su yi kwanaki suna gasa zabi, suna shan shayi, suna zuba ƙarya a kan hanyoyin da suka bi. Motocin a da'ira ake jera su, kowa da gurbinsa, kuma da baya ake shiga gurbi, a kan idon kowa. Doka ɗaya ce tak: ka shigo da motarka da hannunka. Wanda ya rasu, ko wanda aka tuƙo, sai a shafa wa taya farin fenti a kafa a gurbinsa. Shi ke nan, ya fita. In ka ji sun ce an kafa wa wane taya, to an gama magana.

Halliru ba ya tsoron ɗan fashi, ba ya tsoron kwastan. Wannan farar tayar yake tsoro.

Bana ne abin ya zo, ko in ce bana ne ya ƙi ɓoyuwa. Idanunsa sun daɗe suna cinyewa daga gefe. Likita a Sakkwato ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a lallaɓa saura. Yanzu duniya yake gani kamar mai leƙe ta bakin buta, tsakiyar ma da hazo-hazo. Farin abu ne kawai yake fito masa sosai. Ɗansa Muhyiddeen, mai fatauci tsakanin Illela da Ƙonni, ya zare makullin bas ɗin ya ba uwarsa, ya ce don Allah ta ɓoye. Ta jefa shi cikin tukunyar daddawa.

Wayyo, gidan nan ya ga ta kansa! Gero ya kai ƙugu, Halliru ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya wanke bas, ya sake wanke ta. Ya buɗe inji, ya rufe. Ya shiga zaure, ya fito, ya zagaya rijiya, ya yi tuntuɓe da turmi ya zagi turmin. A kawo tuwo ya yi loma biyu ya miƙe. In ya ji ƙarar mota a titi sai ya tsaya cak, ya ce wannan ta abokinsa Lawwali ce, ta wuce, ko wannan ta ciyaman ce. Lubabatu tana kallonsa, tausayi da haushi suna cin ta lokaci guda.

Ranar da za a shiga da'ira, da hantsi, ta same shi zaune a kujerar direba, hannu biyu a sitiyari, babu makulli, yana canja giya shi kaɗai. Ta koma ciki ta fito da makullin yana warin daddawa.

"Ga shi, Malam. Amma ni ka zama gaba."

"Ke Luba, mi kike faɗi? Mata ba su zuwa wurin ga."

"To bana za su fara. Ko mu tai tare, ko in maishe shi inda na ɗauko shi."

Ta ja farin hijabinta, ta hau, ta zauna daram kamar kujerar tata ce tun fil azal. Shekara da shekaru tana yi wa motocinsa addu'a daga bakin ƙofa, yau ce rana ta farko da ta zauna kusa da shi yana tuƙi.

A kan kwalta abin ya yi kyau. Tana cewa ga babur, ga jaki, ga rami, shi kuwa yana cewa ya sani, ya sani. Suka sauka hanyar ƙasa, gero ya rufe su dama da hagu, kore shar, ƙasa tana ƙamshin ruwan jiya. Sai jikin mutumin ya sake. Ya fara ba ta labarin yadda ya taɓa ƙetare yashin Agadas da taya uku da rabi. Ƙafar nan tasa da ba ta jin magana ta fara danna totur.

"Malam, rage."

"Hanyar ga a jikina take, Luba. Ko an ɗaure man ido..."

"Innalillahi! Birki! Birki!"

Ya taka da dukan ƙarfinsa. Randa ta kife a baya, risho ya yi tsalle. Wani farin abu ya watsu a gilashi yana gangarowa. Nono ne. Wata dattijuwar Bafulatana ce ta fito daga cikin gero da ƙwarya a ka, gefen motar ya shafi gwiwar hannunta, ta faɗi zaune a kunya. Allah ya tsare, ko ƙwarzane ba ta yi ba. Amma Halliru bai gan ta ba. Wallahi ko inuwarta bai gani ba. Nonon kawai ya gani.

Matar ta miƙe tana karkaɗe zani, ta zo daidai tagarsa, ta zuba masa ido.

"Kai, makaho ne kai?"

Da a da ne, da ta ji amsar da za ta kai rugarsu. Amma yau Halliru ya sauke murya.

"Kusan haka ne, baiwar Allah," ya ce. "Ki yafe man."

Bai taɓa faɗa ba, ko ga likita, ko ga Luba. Matar ta dube shi, ta dubi Lubabatu, ta sunkuya ta ɗauki ƙwaryarta. Lubabatu ta sauka ta ba ta haƙuri, ta biya ta nononta, ta goge gilashin da gefen zaninta. Ta dawo ta tarar da mijinta ya kifa kai.

"Mu koma gida," ya ce.

"A ina za ka juya? Cikin geron mutane? Wurin na da nisa?"

"Bayan gawon can ne. In dai gawon na nan."

"Shina nan. Kana ganin hijabina?"

"Shi dai ina gani nai."

"To bi shi."

Ta sauka, ta wuce gaban mota ta fara tafiya a ƙasa. Jama'a, Halliru Ba-Zama, wanda bai taɓa yarda wata mota ta wuce shi ba, ga shi a giya ta ɗaya yana bin tsohuwa mai ciwon gwiwa. Ta tsaya ta huta, ya tsaya. Ta kauce wa kududdufi, ya kauce. Ƙafarsa tana ƙaiƙayi, yana danne ta. Idonsa na kan farin ƙyallen nan, hawaye na ƙara masa hazo, bai ko share ba don kada ya saki sitiyari.

Haka suka ɓullo faƙon. Motoci sun riga sun yi da'ira, hayaƙin gashi na tashi, ga fararen tayoyi nan tsaitsaye a gurabun waɗanda suka riga su. Wani ya fara ihun tsiya, "Ba-Zama ya zo da ɗan jagora!" Dariyar ba ta yi nisa ba ta tsinke. Gurbinsa na nan tsakanin motar ciyaman da ta Lawwali, tsohon abokinsa na hanyar Tawa. Saura shiga da baya, kuma madubi ba ya gaya masa komai.

Alhaji Attahiru ya zo bakin taga. "Sannu da hanya, Hajiya," ya ce da Lubabatu, sannan ya rage murya. "Halliru, tun bara munka sani. Kai da ka zuba shayi gefen kofi kana ta surutu. Saurara da kyau."

Ciyaman ya shiga motarsa, Lawwali ya shiga tasa. Sai ga ƙarar odar mota daga dama, pim. Oda daga hagu, pam. Pim, pam, a hankali, suna nuna masa bakin gurbin da sauti. Halliru ya sa giyar baya, ya karkata kai. Kunnen da ke gane motar kowa daga cikin gida bai ba shi kunya ba. Ya murza, ya saki, ya sake murzawa kaɗan, bas ta zame ta shige tsakiyarsu sumul, ko fenti ba ta taɓa ba. Faƙon ya kaure da oda da tafi, har zabin da ke jiran wuƙa suka ruɗe.

"Da hannunka ka shigo," in ji ciyaman da ƙarfi, don kowa ya ji. "Gurbinka na nan. Ba mai kafa maka komi."

Halliru ya kashe inji. Ya zare makullin, ya laluba hannun Lubabatu ya danƙa mata. Ya sauka, ya bi jikin motar da tafin hannu har baya, ya kwance safayar taya da kansa, ya gangaro da ita gaban bas ɗin.

"Lawwali, ina fentin?"

"Haba, Halliru. Ka ji abin da ciyaman ya ce."

"Na jiya. Yau na kusa kashe 'yar mutane, ban ko gan ta ba. Ba ni ƙara tuƙi. Baɗi in kunka kafa ta, labari za a ba ni. Ku kafa ta yau, tun ina iya ganin farinta."

Lawwali ya kawo gwangwanin fenti yana jan hanci, ya ce hayaƙin gashi ne. Halliru ya karɓi buroshi ya shafe tayar da kansa, ciki da waje, har da hannun rigarsa. Ciyaman ya haƙa ramin, suka kafa ta tare, suka danne da ƙasa.

Aka shimfiɗa wa Lubabatu darduma, aka ba ta cinyar zabo, abin da ba a taɓa yi wa mace ba a faƙon nan. Halliru ya zauna kusa da ita, ya juya fuskarsa sosai yadda tayar za ta faɗo cikin ɗan abin da ya rage masa na gani. Ya daɗe yana kallonta. Ƙafarsa ta dama tana ta danna ƙasa, tana saki, tana dannawa. Lubabatu ta miƙa hannu ta ɗora a kan gwiwarsa, ta bar shi a nan.