Maganaɗisun da Ya Ƙi Kunna Mini Fitila

Shekarun baya, ina ajin ƙarshe a kwalejin ilimi, aka turo ni koyarwar gwaji wata sakandare a Shanga. Ranar da malamarmu za ta zo ta ba ni maki, na zaɓi darasin lantarki. In na faɗi, sai na maimaita shekara.

Na haɗa batir da waya da ɗan ƙwan fitila, na bar giɓi a tsakani. Na sa ƙusa, fitila ta kama. Na sa roba, shiru. Sai na zaro baƙin maganaɗisun sifika da abokina mai gyaran rediyo a Yelwa ya ba ni, na ce wa ɗalibai duk abin da ke jan ƙarfe dole wuta ta bi ta cikinsa. Ban taɓa gwadawa ba. Na ɗora, fitila ko ƙyas. Na juya shi, na goge da bakin riga, shiru. Aji ya ɗauki dariya, ni kuwa gumi.

Malamar tana zaune a baya, ta tambaye ni dalili. Na ce wallahi ban sani ba, amma ina son in sani.

Bayan an tashi ta bayyana mini cewa irin wannan maganaɗisun ɗan'uwan tangaran ne. Ƙwayoyin lantarkin cikinsa ba sa yawo, sai sun tsallake wani giɓi na ƙarfi, kamar mai son faɗawa kwalekwalen da ya yi nisa da gaɓa. Kowace ƙwaya kuma ɗan maganaɗisu ce, yadda suka jeru yana iya ƙara faɗin giɓin ko ya rage shi. Zafi mai tsanani yakan wargaza jerin.

Ina isa gida na tura maganaɗisun cikin garwashin da Inna ke bandar kifi. Ta leƙo ta ce, "Yau kuma dutsi kaka gasa muna?"

Da ya yi zafi sosai na kara masa ƙusa, ya ƙi riƙe ta. Da ya huce na mayar da shi kan waya, fitila dai ba ta kama ba. Abin da ya faru da giɓin da ke cikinsa lokacin da yake cikin wuta, ba ni da na'urar aunawa.

Malamar ta ba ni makin tsira da ƙyar. Yanzu ni ke duba masu koyarwar gwaji, kuma duk wanda kayansa suka ƙi aiki a gaban aji, nakan ja kujera in matso kusa mu nemi dalili tare.